Ƙaimi da Linzami: Shin Muna da Ikon Gaggauta Girman Dabba?

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kiwo ya san cewa abu mafi tsada a cikinsa shi ne jira. Dusa tana da farashi, magani yana da nasa, amma kwanakin da dabba ke ɗauka kafin ta isa sayarwa su ne ke cinye duka biyun. Shi ya sa tun kaka da kakanni ɗan'adam yake neman hanyar rage waɗannan kwanaki. Ya zaɓi iri mai saurin girma, ya dandaƙe namiji don ya tara kitse, ya ɗaure rago a turke don kada yawo ya cinye masa jiki. A cikin shekaru hamsin da suka gabata masana kimiyya sun zarce nan. Sun gano sinadaran da jiki ke amfani da su wajen ba da umarnin girma, har suka iya haɗa makamantansu a ɗakin bincike. Tambayar da wannan maƙala za ta bi ita ce: tun da yanzu muna iya umartar jikin dabba ya girma fiye da yadda ya saba, ina ne iyakar da ya kamata mu tsaya?

Na zaɓi alade ya zama abin misali saboda dalilai biyu. Na farko, kaso mai yawa na wannan bincike a kansa aka yi. Na biyu, ni ɗan ƙasar Zuru ne, inda wani gida ke kiwon alade yana biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa da shi, maƙwabcinsa kuma ko sunansa ba ya son ji. Dabbar da ba ta da masu kare ta da yawa ita ce ta fi dacewa a gwada gaskiyar tausayinmu a kanta.

Yadda jiki ke ba da umarnin girma

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar alade, kamar yadda yake ga mutum da sa da tunkiya, akwai wani ɗan ƙullin nama da bai wuce ƙwayar wake ba, wanda masana ke kira fituwitari. Shi ne ke zuba sinadarin girma a cikin jini. Irin wannan sinadari, da wani sashe na jiki ke aikawa don ya kai saƙo ga wani sashe, shi ake ce wa homon. Idan sinadarin girma ya isa hanta, sai ta saki wani sinadarin na biyu mai suna IGF-1, wanda ke sa ƙashi ya tsawaita, tsoka ta yi kauri. Shi kuma sinadarin girman da kansa yana hana jiki tara kitse, ya karkatar da abinci zuwa ginin tsoka.

Sai dai fituwitari ba ya aiki da ra'ayin kansa. A samansa akwai wani yanki na ƙwaƙwalwa, haifotalamas, wanda ke aiko masa da saƙo iri biyu masu saɓa wa juna. Ɗaya, mai suna GHRH, yana ce masa ya saki. Ɗayan, mai suna somatostatin, yana ce masa ya dakata. Mahayin doki zai gane wannan tsari nan take: ga ƙaimi, ga linzami. Saboda musayar waɗannan biyun, sinadarin girma ba ya kwarara kamar ruwan famfo. Yana fitowa ne a guji-guji, ya hau, ya sauka, jiki ya huta, sannan ya sake hawa. Idan kuma IGF-1 ya yi yawa a cikin jini, sai ya koma wa ƙwaƙwalwa da labari cewa ya isa, ita kuma ta ja linzami.

Ba a sauƙaƙe aka gano wannan ba. Andrew Schally, a birnin New Orleans na Amurka, ya yi shekaru yana tace haifotalamas na ɗaruruwan dubban aladu da aka kwaso daga mahauta, don ya sami ɗan abin da bai kai cikin cokali ba. Abokin hamayyarsa Roger Guillemin ya yi irin wannan aiki da na tumaki, kuma a ɗakin bincikensa aka gano somatostatin a 1973. Su biyun sun sami kyautar Nobel a 1977. Shi kuwa GHRH sai a 1982 aka kama shi, daga wani ƙari da ya fito a cikin wasu marasa lafiya. Abin lura a nan shi ne, linzamin aka fara gani, shekara tara kafin ƙaimin.

Hanyoyi uku na sa baki

Da aka fahimci tsarin, sai aka shiga neman yadda za a juya shi. Ana iya kasa abin da aka yi gida uku, kuma bambancin da ke tsakaninsu shi ne ƙashin bayan hujjata.

Hanya ta farko ita ce ƙwanƙwasa ƙofa. Wani likita mai suna Cyril Bowers da abokan aikinsa sun haɗa wasu gajerun sarƙoƙi na sinadaran amino, wato tubalan da ake gina furotin da su, waɗanda ake kira feftaid. Mafi shahara a cikinsu, GHRP-6, tubali shida kawai gare shi, kuma an bayyana shi a 1984. Idan aka yi wa dabba allurarsa, sai fituwitari ya saki sinadarin girma da ƙarfi. Abin mamaki, babu wanda ya san ta wace ƙofa yake shiga. An ƙera mabuɗi kafin a ga kwaɗon. Sai a 1996 aka gano kwaɗon, kuma fituwitarin alade yana cikin inda aka samo shi. A 1999 wasu masana a Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa, suka gano mabuɗin asali da jiki ya tanadar wa wannan kwaɗo. Sunansa girelin, kuma daga tumbi yake fitowa, yana ƙaruwa idan yunwa ta kama. Ashe ciki ma yana da ta cewa a kan girma. A wannan hanya ta farko jiki bai rasa bakinsa ba. Abin da fituwitari ya tara kaɗai zai iya saki, linzamin yana nan, kuma idan aka matsa da allura ba hutu sai kwaɗon ya daina amsawa.

Hanya ta biyu ita ce tsallake ƙofar. Tun a shekarun 1980 aka iya sa ƙwayoyin bakteriya su samar da sinadarin girman alade, a zuba a kwalba, a riƙa yi wa dabba allura kullum. Sakamakon a bayyane yake: kitse ya ragu, tsoka ta ƙaru, abincin da ake buƙata don samun kilo ɗaya ya sauka. Ostireliya ta amince da amfani da shi. Tarayyar Turai kuwa ta haramta amfani da homon wajen ƙara girman dabbobin nama tun ƙarshen shekarun 1980. A wannan hanya ƙwaƙwalwa tana iya jan linzami iya ƙarfinta, amma abin da ke cikin jini daga sirinji ya fito. Saura guda: mai allurar yana iya dainawa.

Hanya ta uku ita ce ɓalle ƙofar gaba ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980, a cibiyar binciken noma ta gwamnatin Amurka da ke Beltsville, an dasa wa aladu ƙwayar gadon da ke samar da sinadarin girma, aka haɗa ta da wata makunna da ba ta sauraren haifotalamas. Sinadarin ya riƙa zuba dare da rana. Aladun sun rage kitse kamar yadda aka so. Amma rahoton da masu binciken da kansu suka wallafa a 1989 ya lissafa abin da ya biyo baya: ciwon gaɓoɓi, gurguntaka, gyambon ciki, ciwon ƙoda, matsalar zuciya, kasala da raunin haihuwa. An sami nama, an rasa lafiyayyen alade. Doki ne aka tsinke wa linzami aka ci gaba da soka masa ƙaimi.

Hujjar mai kiwo

Kafin na yanke hukunci, wajibi ne a saurari wanda abin ya fi shafa. Yawancin masu kiwon alade a garuruwanmu ba manyan 'yan kasuwa ba ne. Mata ne da matasa masu uku ko biyar a bayan gida, suna ciyar da su da dusar dawa da ragowar tuwo da abin da ya saura a tukunyar burkutu. Ga irin waɗannan alade asusu ne. Uwar tana ɗaukar ciki wata uku da mako uku da kwana uku, ta haifi 'ya'ya da yawa a lokaci guda, kuma kowane ɗa kuɗin jarrabawa ne ko na asibiti.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, da na yi mata bayanin abin da muka karanta a jami'a game da waɗannan allurai, ta dube ni ta ce, "Ɗana, idan akwai abin da zai sa ya girma a wata shida maimakon shekara, kawo mini. Kai kana maganar tausayin alade, ni ina da marayu huɗu." Ban ga abin raini a maganarta ba. Dabbar da ta daɗe a gida ta daɗe a bakin haɗari. Zazzaɓin aladu na Afirka, wanda ya ɓarke a Nijeriya a 1997 kuma ya yi mummunar ɓarna a gonar Oke-Aro ta kusa da Legas a 2020, ba shi da magani, yana iya share kiwon shekaru a mako guda. A yankunan Danko-Wasagu da Sakaba, inda hare-haren 'yan bindiga suka raba mutane da gonakinsu, wanda bai san inda zai kwana baɗi ba ba zai ji daɗin wa'azin haƙuri ba. Har ila yau, alade mai saurin girma yana cin hatsi kaɗan kafin ya kai kasuwa, kuma a ƙasar da mutum da dabba ke kallon rumbu guda wannan ba ƙaramin alheri ba ne.

Akwai kuma wata hujjar da ake yawan kawowa daga ɗaya ɓangaren, wadda ni ban yarda da ita ba: wai duk abin da ba na halitta ba ne sharri ne. Idan haka ne, to dandaƙa ma ba ta halitta ba ce, haka rigakafi, haka turke. Kajin gidan gona da ke isa yanka a mako shida ko bakwai, waɗanda jama'a ke zargin allurar homon ake yi musu, zaɓen iri da abinci ne suka kai su haka. Duk da babu allurar, da yawansu ƙafafunsu na kasa ɗaukar nauyin ƙirjinsu. Wahala tana iya zuwa ba tare da sirinji ba, sirinji kuma yana iya zuwa ba tare da wahala ba. Saboda haka dole mu nemi wani ma'aunin.

Ma'aunin da nake gani

Ma'aunin yana cikin jikin dabbar. Wanda ya tsara girma ya tsara shi da hutu a cikinsa, domin ƙashi da zuciya da ƙoda su riski tsoka a kan hanya. Somatostatin shi ne kalmar "ya isa" a harshen jiki. A ganina muna da ikon taimaka wa dabba ta kai iyakar abin da jikinta zai iya ɗauka cikin lafiya, amma ba mu da ikon ƙwace mata wannan kalma. Idan kuma muka tsallake ta da allura, to nauyin faɗinta ya dawo wuyanmu. Wanda ya karɓi linzami daga hannun jiki, shi zai ja shi.

Wannan ya yi kusa da abin da masanin falsafa Bernard Rollin ya kafa a littafinsa na 1995 game da sauya halittar dabbobi, inda ya ce bai kamata dabbar da aka sauya ta fi iyayenta shan wahala ba. Ƙa'ida ce mai sauƙi, kuma talaka yana iya aiki da ita ba tare da na'ura ba. Aladen yana tashi da kansa? Yana tafiya ba ɗingishi? Yana tonon ƙasa da hancinsa kamar yadda aka halicce shi? Idan amsar ta zama a'a, to kilon da ya ƙaru bashi ne aka ci daga jikinsa.

Wani zai ce, ai yanka shi za a yi, mene ne na damuwa? Yanka minti ne, rayuwa kuwa kwanaki ce. Wata shidan da mu muke gani a matsayin jiran riba, shi ne duk abin da wannan dabba za ta taɓa samu a duniya. Gajartarsa ba ta rage masa daraja ba. Kowa ya san mahaucin kirki yana wasa wuƙarsa don kada dabba ta wahala a ɗan lokacin yanka. Zai zama abin kunya mu kula da minti ɗaya mu yi sakaci da kwana ɗari da tamanin.

Ita kuwa dattijuwar nan, akwai amsar da kimiyyar da kanta ta tanadar mata. Homon umarni ne, ba abinci ba ne. Yana gaya wa jiki ya gina tsoka, amma tubalan ginin daga furotin suke fitowa, kuma binciken ya nuna aladen da ake yi wa allurar yana buƙatar abinci mai furotin fiye da wanda ba a yi wa. Dusar dawa ba ta da shi isasshe. Yi wa irin wannan alade allura daidai yake da tsawata wa magini alhali ba a kawo masa bulo ba. Abin da zai fi rage mata watanni shi ne waken suya ko ƙuliƙuli a cikin dusa, maganin tsutsar ciki, ruwa mai tsafta da inuwa. A nan tausayin alade da tausayin marayu sun haɗu a hanya ɗaya, kuma sau da yawa haka abin yake.

Dabbar da ba a so

Akwai wata matsala ta musamman da alade ke jawowa a wurinmu. Musulmi ba ya cin sa, kuma wannan hukunci ne da babu mai ja da shi. Sai dai wasu sukan zame daga "ba na ci" zuwa "ba ruwana da abin da aka yi masa". Waɗannan maganganu biyu ne daban. Haramcin cin nama bai zama izinin azabtarwa ba. Kowane ɗalibin islamiyya ya ji labarin matar da aka hukunta saboda kyanwar da ta kulle har ta mutu, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, alhali kare ba dabbar da ake girmamawa ba ne. Kirista kuma ya san Littafin Karin Magana ya sanya kula da ran dabba cikin alamomin adali. Ta kowace ƙofa aka shiga, ɗaki ɗaya ake tararwa.

Wanda ba ya ci yana iya juya baya saboda ƙyama, wanda ke kiwo yana iya rufe ido saboda riba, sai dabbar ta faɗa tsakani ba mai magana a kanta. Tausayin da ke tsayawa ga rago da doki kawai sha'awa ce. Kuma abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Zuciyar da ta saba da kumbura alade ba tare da duba lafiyarsa ba, ita ce za ta ɗura wa ragon layya ƙwaya don ya cika ido ranar kasuwa, ta kuma ɓoye wa mai saye. A nan haƙƙi na biyu ya shigo, na mutumin da zai ci naman bai san abin da aka zuba a ciki ba.

Daga turke zuwa jikinmu

Abin bai tsaya a kan dabbobi ba. Feftaid ɗin nan da aka gwada a kan aladu yau suna cikin jerin abubuwan da hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta wa 'yan wasa, domin an sami masu yi wa kansu allurarsu. A garuruwanmu kuma kowa ya san ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu ke haɗiya don su yi jiki cikin makonni. Sunan kaɗai ya isa gargaɗi.

Ƙasar da na fito tana da wata tsohuwar fahimta game da girma. A al'adar Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, akwai golmo, inda saurayi ke yin shekara bakwai yana noma a gonar surukinsa kafin a ba shi mata, kuma a bikin Uhola ake nuna waɗanda suka kammala. Ko da yake al'adar ta ja baya, kuma ba ina kiran a mayar da kowa gare ta ba ne, akwai abin da ta riƙe wanda ilimin homon ya zo ya tabbatar ta wata fuska. Girma ya ƙunshi fiye da ƙaruwar jiki. Sai dukkan sassa sun isa tare, kuma wasunsu ba sa jin ƙaimi. Damina bakwai ba ta yiwuwa a shekara guda, ko nawa aka biya.

Kammalawa

Amsata ga tambayar da na faro da ita ita ce: muna da ikon gaggauta girman dabba, amma iko ne na amana, kuma iyakarsa ita ce inda jikinta ya fara biyan kuɗin ribarmu. Ƙwanƙwasa ƙofa, idan likitan dabbobi ne ya auna kuma doka ta yarda, yana iya zama halal a ma'aunin ɗa'a. Tsallake ƙofa yana ɗora mana nauyin da dole mu iya ɗauka kafin mu fara. Ɓalle ƙofa kuwa, aladun Beltsville sun riga sun ba da shaida a kansa.

Tun 2020 Zuru ta sami Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya, a wurin da tsohuwar kwalejin aikin gona take. Daga irin waɗannan azuzuwa ne waɗanda za su ba masu kiwonmu shawara za su fito, kuma wata rana wani zai zo musu da kwalba yana alkawarin rabin lokaci. Fatana shi ne, a takardar da za su riƙa cike sakamakon gwaji, kusa da layin da ake rubuta kilo nawa dabba ta ƙara, a bar wani layin da za a rubuta ko har yanzu tana iya miƙewa da ƙafafunta ta je wurin ruwa. Idan layin farko ya cika na biyu ya kasance babu komai, to gwajin bai yi nasara ba, ko da kasuwa ta yi tafi.